Ba Abigail Kaɗai Ce Mai Laifi Ba

Wannan makon ni aka ba filin ra'ayi a allon ƙungiyarmu ta 'yan jarida. Rubutun yana da ɗan tsawo, don haka wanda ƙararrawa ta katse shi ya daure ya dawo idan an fita tara ya ƙarasa. Kuma don Allah kada a yage takardar.

A hutun da ya wuce yayata da ke karatun Turanci a kwalejin horar da malamai ta zo gida da wani littafin wasan kwaikwayo mai suna The Crucible. Wani Ba'amurke ne, Arthur Miller, ya rubuta shi, aka fara nuna shi a 1953. Ta ce ma'anar sunan ita ce tukunyar da ake narkar da ƙarfe a ciki. Gaskiya Turancin littafin ya fi ƙarfina, don irin na mutanen da ne. To amma da yake jarrabawa za ta yi a kansa, kullum bayan sallar isha'i sai ta zaunar da ni tana karantawa tana fassara mini, wai ta haka ne yake zama mata a ka. Da farko don dole nake zama. Daga baya ni ce nake ɗauko mata littafin da fitila.

Labarin ya faru a wani gari mai suna Salem, a yankin Massachusetts, a shekarar 1692, tun Amurka tana ƙarƙashin Ingila. Mutanen garin Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini, ko rawa laifi ce a wurinsu. Wata rana da dare limamin cocin garin, Parris, ya kama 'yarsa Betty da 'yar riƙonsa Abigail da wasu 'yan mata suna rawa a daji, tare da baiwarsa Tituba. Gari na wayewa Betty ta kwanta ba ta motsi, ba ta magana. Kafin ka ce kwabo gari ya ɗauka cewa maita ce. Maitarsu ba irin wadda muke ji a nan ba ce sak. Su a wurinsu maye shi ne wanda ya ƙulla alkawari da Shaiɗan, har ya sa hannu a littafinsa.

Abigail ta san idan aka gano abin da suka yi a daji za su sha bulala, kuma sunanta zai ɓaci, sai ta ɗora wa Tituba. Aka ritsa Tituba, wannan ya ce a yi mata duka har ta mutu, wancan ya ce a rataye ta. Baiwa ce, ba ta da kowa a garin, sai ta amsa. Aka ce to su wa ta gani tare da Shaiɗan? A nan ina so ku lura da wani abu. Ba ita ta fara kawo sunayen ba. Wani mai dukiya, Thomas Putnam, shi ya tambaye ta ko ta ga wance da wance, ya ambaci matan da dama garin ba ya ganin mutuncinsu. Ita dai ta maimaita abin da aka sa mata a baki. Da Abigail ta ga an daina yi wa Tituba barazana an koma lallashinta, sai ita ma ta miƙe ta fara jero sunaye. Betty da ke kwance kamar gawa ta tashi ta kama mata.

Na ɗauka ƙagaggen labari ne, sai yayata ta ce ai ya faru da gaske, kuma yawancin sunayen na mutanen gaske ne. An zargi mutum fiye da 200. An rataye 19, mata 14 da maza 5. Wani tsoho, Giles Corey, mai kimanin shekara 80, ya ƙi buɗe baki ya ce ya yi ko bai yi ba, aka kwantar da shi aka riƙa ɗora masa duwatsu a ƙirji har rai ya yi halinsa. Wasu a kurkuku suka mutu. Har yarinya 'yar shekara 4 aka kulle. Marubucin ya sauya wasu abubuwa, misali Abigail ta gaskiya shekararta 11, shi kuma ya mai da ita 17. Da na ji haka sai da gabana ya faɗi, don ke nan na girme ta da shekara biyu.

Da muka gama littafin na ba ƙawayena labarin, kusan duk abu ɗaya suka ce: Abigail muguwa ce, ita ta kashe mutane. Ban musa ba. Muguwa ce. A cikin wasan ta taɓa aiki a gidan wani manomi, John Proctor, wani abin kunya ya shiga tsakaninsu, matarsa Elizabeth ta kore ta, shi ya sa take neman ganin bayan matar. Har allura ta soka wa kanta a ciki don a ce Elizabeth ce ta yi mata asiri da 'yar tsana. A ƙarshe ma kuɗin Parris ta sace ta gudu. Amma ra'ayina shi ne, idan muka ɗora komai a kan Abigail mun sauƙaƙa wa kanmu da yawa. Abigail ba ta da kotu, ba ta da kurkuku, ba ta da igiya. Yarinya ɗaya ba ta rataye mutum 19. Manya ne masu ilimi da manyan riguna suka zauna suka saurare ta, suka sa hannu.

Ku duba irin shari'ar da suka yi. Shaidar da kotu ta fi dogara da ita ita ce ta kurwa. Yarinya za ta faɗi tana ihu ta ce kurwar wance ce ta zo tana shaƙe ta. Ba mai ganin kurwar sai ita. Idan matar ta ce ai ni a lokacin ina gida ina girki, ga shaidu, sai a ce gangar jikinki ce a gida, kurwarki ta fita. To ku gaya mini, ta yaya mutum zai wanke kansa daga irin wannan? Ko ni aka yi wa ban san abin da zan ce ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan: wanda ya amsa laifi, ya kira sunan wasu, ba a rataye shi. Wanda ya tsaya a kan cewa bai yi ba, shi ake ratayewa. Wato kotun ta sa wa ƙarya lada, ta sa wa gaskiya igiya. Kuma duk wanda ya amsa don ya tsira, amsawarsa sai ta zama sabuwar hujja cewa lallai akwai mayu a gari, sai tsoro ya ƙaru, sai a kamo wasu, su ma su amsa. Kamar gobarar danga ce lokacin hunturu, kowane gida shi ke kunna wa na kusa da shi.

Akwai wata tsohuwa, Rebecca Nurse, wadda kowa ya shaida da ibada da kirki. A tarihi shekararta 71, kuma da farko masu yanke hukunci sun ce ba ta da laifi. 'Yan matan suka ɓarke da ihu a cikin kotu, aka ce a sake dubawa, aka dawo aka ce tana da laifi. Ba wata sabuwar shaida mai ƙarfi da ta zo, ihu ne ya ƙaru. A cikin wasan kuma mutum 91 sun sa hannu a takarda cewa sun san Rebecca da Elizabeth da matar Giles Corey, ba su taɓa ganin wani abin zargi a tare da su ba. Babban alƙalin, Danforth, maimakon ya yi tunani, sai ya ce a kamo su duka 91 a yi musu tambayoyi. Bayan wannan wa zai sake buɗe baki? Can gaba da aka roƙe shi ya ɗage rataya, ya ƙi, dalilinsa wai an riga an rataye mutum 12 a kan laifi iri ɗaya, idan ya tsaya yanzu za a ce na baya kuskure ne. Na sa yayata ta maimaita mini wurin sau biyu. Ashe shi ma alƙalin tsoro yake ji. 'Yan mata na tsoron bulala, Parris na tsoron a raba shi da limanci, Danforth na tsoron a ce ya yi kuskure. Kowa da nasa tsoron, amma wuyan wasu ne ya biya.

Ba kowa ne mugu ba a cikin masu zargin. Matar Putnam jarirai bakwai ta binne. Ni tausayi ta ba ni. Hausawa na cewa idan maye ya manta uwar ɗa ba ta mantawa, to ita ba ta manta ba, sai dai babu mayen, shi ya sa ta nemo shi a cikin maƙwabta. Mijinta kuwa zarginsa aka yi da cewa gonar mutane yake hange, don wanda aka rataye gonarsa takan fita kasuwa.

Amma duk cikin littafin wadda ta hana ni barci ita ce Mary Warren, 'yar aikin gidan Proctor. Ba muguwa ba ce, matsoraciya ce kawai. Tana cikin 'yan matan da ke faɗuwa a kotu. Da aka kama Elizabeth, Proctor ya tilasta mata ta je ta faɗi gaskiya, ta je ta ce duk abin da suke yi ba gaske ba ne. Sai aka ce mata to tunda da gangan kike suma, suma yanzu mu gani. Ta yi, ta yi, ta kasa. Ta yi ƙoƙarin bayyana musu cewa a da idan ta ji sauran suna ihu, ta ga alƙalai sun yarda, sai ita ma ta ji kamar da gaske tana ganin wani abu. Ba su gane ba. Nan take Abigail ta ɗaga kai ta ce ga wani tsuntsu can a saman rufi, kurwar Mary ce za ta yage mata fuska. Sauran 'yan matan suka kama, duk abin da Mary ta faɗa sai su maimaita da murya ɗaya. Mary ta ga ita kaɗai ce a gefe guda, ga igiya na jiranta. Sai ta juya ta nuna Proctor, mutumin da ya kawo ta, ta ce shi ne na Shaiɗan, ta ruga ta koma cikin ƙawayenta.

Dalilin da ya sa wannan wuri ya dame ni shi ne na taɓa zama Mary Warren. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yayata, yau kuma ga shi ina liƙawa a bango.

Ina aji shida na firamare, a wata makaranta da ba wannan ba, akwai wata tsohuwa da ke sayar da awara a bakin ƙofa. Ba ta da yawan magana, idonta ɗaya yana da hakiya, kuma ba 'yar unguwar ba ce. Wata rana an dawo daga tara, wata yarinya a ajinmu ta yanke jiki ta faɗi tana fisge-fisge. Aka taru a kanta. Wata ta ce ai awarar tsohuwar nan ta ci. Cikin abin da yarinyar ke sambatu wasu suka ce sun ji ta ce "Iya", ni dai ban ji ba. Kafin malami ya iso wasu biyu sun faɗi. Wallahi ni kaina na ji ƙafafuna sun yi sanyi, kaina na juyawa, numfashina na sama-sama. Ba ƙarya nake yi ba, na ji hakan a jikina. Sai wata babbar yarinya ta dafa ni ta ce, "Ke da kike bayanta a layi, ba kin ga yadda tsohuwar ta ƙura mata ido ba?" Kowa ya juyo yana kallona. Na ce, "E, na gani."

Ban ga komai ba. Ina can ina ƙirga canjina.

Wannan "e" ɗin tawa ta fita ƙofa kafin ni. Da muka fito mutanen unguwa sun kewaye tsohuwar, an kifar da farantinta, awara da yaji a ƙasa, ana cewa sai ta tsallaka yarinyar ta saki kurwarta. Na ji wani mutum da ban taɓa gani ba yana cewa ai har wata ɗaliba ta gan ta da idonta. Tsohuwar tana rantsuwa tana kuka. Ta ce ba ta yi ba, aka ce taurin kai ne irin nasu. Da ta gaji ta tsallaka, aka ce kun gani, ta amsa. Allah ya taimake ta hedimasta da mai unguwa suka iso suka shigar da ita ofis, ba a kai ga jifa ba. Yarinyar kuwa da aka kai ta asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata ka, bayan mako guda ta dawo aji. Sauran biyun tun ranar suka warke da aka kai su gida. Tsohuwar ba ta sake zuwa ba. Ba wanda ya je ya ba ta haƙuri, har da ni.

Shi ya sa da yayata ta karanta wurin da aka sa wa Tituba sunaye a baki, da wurin da Mary ta kasa suma ita kaɗai, na gane su tun kafin ta gama fassarawa. A ajinmu babu wata Abigail. Ba wadda ta ƙulla wa tsohuwar sharri, ba wadda ke son gonarta. Duk da haka sana'arta ta mutu, kuma saura kaɗan a illata ta. Tsoro ne da taron jama'a da tambaya ɗaya da aka yi wa matsoraciya.

Na san wani zai ce, to ke yanzu kina nufin babu sihiri, babu aljanu? Ban ce haka ba, kuma ni ba malama ba ce, wannan fagen na malamanmu na addini ne. Magana ta a kan zargin mutum ce. Yarda da cewa abu yana nan daban, nuna wata baiwar Allah a ce ita ce ta yi daban. A darasin addini an koya mana cewa mai zargi shi ke kawo hujja, kuma idan labari ya zo a bincika kafin a afka wa mutane. A Salem juya abin aka yi, wanda aka zarga shi aka ce ya kawo hujjar cewa kurwarsa ba ta fita ba. Mu ma a bakin ƙofar makarantarmu haka muka yi. Kuma ku lura da waɗanda ake fara nunawa. A Salem baiwa ce da mabaraciya da wata mata mai jinya da ta daina zuwa coci. A wurinmu baƙuwar tsohuwa ce mai hakiya. Ban taɓa jin an ce matar mai kuɗin unguwa ta tsallaka kowa ba.

Ba maita kaɗai ba. A nan makarantar idan kuɗin tara ya ɓata a aji, minti nawa ake yi kafin a ce wane ne? Mutum ɗaya zai ce ya gan shi kusa da jakar, na biyu ya ce ai dama halinsa ne, na uku bai ga komai ba amma yana tsoron idan ya yi shiru a ce tare suke. Idan kuɗin ya fito daga cikin littafin mai shi, sai a yi dariya a wuce, amma sunan ɓarawo ya riga ya manne har a gama makaranta.

Ina da roƙo ga malamanmu, cikin ladabi. Idan ɗaliba ta faɗi a aji, a fitar da ita zuwa wuri mai iska, a hana taruwa a kanta, a nemi iyayenta da ma'aikacin lafiya. Idan kuma bincike za a yi, na faɗuwa ne ko na sata, don Allah kada a tambaye mu a gaban aji. A kira mu ɗaya bayan ɗaya a ofis, kuma kada a ce "ba kin ga wance ba?", a ce "me kika gani?" Da a ranar nan wani ya ja ni gefe ni kaɗai ya yi mini tambaya ta biyun, na tabbata cewa zan yi canjina nake ƙirgawa. Mary Warren ma da aka ware ta ita kaɗai suman ya ƙi zuwa.

Yayata ta ce Arthur Miller ba don mutanen 1692 kawai ya rubuta wasan ba. A zamaninsa ana farautar waɗanda ake zargi da ra'ayin kwaminisanci a Amurka, ana kiran mutane gaban kwamitin majalisa a ce su ambaci sunayen abokansu. A 1956 shi ma aka kira shi. Ya yi magana a kan kansa, amma ya ƙi ba da sunan kowa, har kotu ta same shi da laifin raina majalisa, daga baya a 1958 aka soke hukuncin. Haka Proctor ya yi a ƙarshen wasan: ya sa hannu a takardar amsa laifi don ya tsira, ya ƙi ambaton kowa, da ya ga za a liƙa takardar a ƙofar coci sai ya yage ta, aka rataye shi. 'Yan ajinmu maza duk sun ce su Proctor ne. To, Allah ya sa. Ni dai an gwada ni da abin da bai kai igiya ba, kallon 'yan aji ne kawai, kuma kun ji yadda na yi.

A Salem gwamna ya rushe kotun a watan Oktoba na 1692, zuwa watan Mayu na 1693 aka saki waɗanda suka rage. A 1697 ɗaya daga cikin alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe tsaye a coci aka karanta takardarsa ta neman gafara. A 1706 ɗaya daga cikin 'yan matan, Ann Putnam, ita ma ta nemi gafara a gaban jama'a, shekara 14 bayan abin ya faru. Ni shekara biyu ke nan. Na tambayi wata maƙwabciyarmu, ta ce tsohuwar tana nan da rai, ta koma sayar da awara a bakin tasha. Na gaya wa Ummanmu komai, ta yi mini faɗa sosai, sannan ta ce ranar Asabar za ta raka ni.